Bilyaminu Mai-Famfo da 'Ya'yan 'Yan Ci-Rani

Duk wanda ya taɓa sayar wa Bilyaminu Mai-Famfo da kaya a kasuwar Bodinga ya san halinsa. Ko robar famfo ce sabuwa dal a cikin ledarta, sai ya yage ledar a gabanka, ya ja robar, ya lanƙwasa ta, ya ɗaga ta a hasken rana yana neman tsaga. Idan ka rantse masa da Allah cewa mai kyau ce, sai ya ƙara dubawa. Matarsa Halima ta ce shekara ashirin da biyar suna tare, amma har yau idan ta ce ta rufe ƙofar awaki sai ya je ya girgiza ta da hannunsa.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, shi ya sa na san inda halin ya samo asali. Mahaifinsa mahaƙin rijiya ne. Da rani yakan kwashi iyalinsa su tare duk garin da aka kira shi aiki, wata biyu a Yabo, wata uku a Lambara, daga nan a gangara Dandin Mahe. Bilyaminu ya shiga aji uku na firamare sau uku a garuruwa uku, bai taɓa ganin aji huɗu ba. Yana da shekara goma sha uku aka kira uban yasar wata tsohuwar rijiya. Mai gidan ya kawo igiya ya ce sabuwa ce. Uban ya yarda ya sauka, igiyar ta tsinke ana saura gaba huɗu ya kai ƙasa. Bai mutu ba, amma bai sake tafiya babu sanda ba. Tun daga ranar Bilyaminu ya daina karɓar maganar kowa sai abin da idonsa ya gani.

Da famfon tuƙa-tuƙa ya yawaita a ƙauyuka sai ya bar haƙa ya koyi gyara. Yana da tsohon babur da akwatin ƙarfe ɗaure a baya, cike da sifanu da giris. Daga Bodinga zuwa ƙasar Shagari da wuya a sami famfon da bai taɓa kwancewa ba.

Abin da zan faɗa ya faru ne a Tungar Ƙirya, wani ɗan ƙauye gaba da Kajiji, a bakin fadama. Famfo ɗaya ne a garin, a harabar makarantar firamare. A ranin shekaru uku da suka wuce famfon ya lalace sau uku cikin wata biyu. Duk lokacin da aka kira Bilyaminu sai ya tarar robar ciki ta cinye, ya sauya, bayan mako biyu a sake kiransa.

Mutanen gari sun riga sun yanke hukunci. A gefen fadama akwai bukkokin kara kusan talatin na 'yan ci-rani, masu zuwa da matansu da 'ya'yansu aikin dashen albasa da ban-ruwa, su koma gida idan damina ta kusa. Wasu daga arewa suke, wajen iyaka, wasu kuma daga gabas, inda zama ya gagara. Aka ce 'ya'yansu ne ke lilo a hannun famfon. Wasu suka ce da gangan suke zuba rairayi. A majalisar bakin masallaci har an fara cewa ba a san ko su wane ne ba, kuma a wannan zamani baƙon da ya san hanyoyin gari da yawa abin tsoro ne. Mai gari ya sa aka ɗaure famfon da sarƙa, aka ba shugabar makarantar, Malama Jamila, mabuɗi, aka ce kada ta buɗe wa kowa sai 'yan gari.

Bilyaminu ma da farko yaran ya zarga. Amma da ya ji bakin kowa ya zo ɗaya, sai abin ya fara yi masa wari. Ya roƙi Malama Jamila ta bar famfon a buɗe kwana uku. Ya kafa baburinsa a inuwar darbejiya, ya baza sifanu a ƙasa kamar mai gyara, yana kallo daga hantsi har azahar.

Bai ga lilo ba. Yaran bukkoki kan jira sai 'yan gari sun gama, sannan su matso da jarkokinsu, su buga a hankali suna waige-waige. Abin da ya gani shi ne wata yarinya 'yar kimanin shekara tara, da ta cika jarkarta ba ta tafiya. Sai ta ajiye ta a bayan tagar aji biyu, ta hau kai, ta kama ƙarfen taga, bakinta na motsi tare da na 'yan aji. Da an kaɗa ƙararrawa sai ta dira ta ɗauki ruwanta da gudu.

A rana ta uku wani dogon mutum mai taɓon fadama har gwiwa ya zo ya tsaya a kansa. Bai yi sallama ba.

"Malam, kwana ukku ke nan kana gyaran babur ɗaya. Wa ya aiko ka?"

"Babu wanda ya aiko ni."

"To mi kaka ƙirga? Ɗiyanmu sun ce kana kallon su ɗaya-ɗaya."

"Hwamfo nika kallo. Kai wane na?"

"Tukur. Ni ka magana da yawun mutanen bukkokin can. In korarmu za a yi, a hwaɗa muna da baki, ba sai an aje muna mai gadi ba."

Bilyaminu ya dube shi tun daga ƙafa har hula. Shi ma bai yarda da mutumin ba. Ya ce, "In kuna son ku san abin da nika biɗa, ba ni maza shidda gobe da sahe. Bututun duka za ni hiddawa, kuma 'yan gari duk suna kasuwar Shagari gobe."

Tukur ya ce, "In wani abu ya karye a hannunmu, mu za a ce."

"Ni za a ce. Ni na kwance."

Washegari suka zo su biyar, Tukur na shida. Suka riƙa jawo bututun ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a ƙasa. A allon ƙarfen da ɗan kwangila ya kafa shekarun baya an rubuta bututu goma sha biyu. Da na tara ya fito sai ga silinda, wadda ke can ƙarshe tana zuƙo ruwa. Bilyaminu ya sake ƙirgawa, ya sa Tukur ma ya ƙirga. Tara ne. Rodin ciki kuwa, sandar da ke haɗa hannun famfo da silinda, baƙin ƙarfe ne siriri, tsatsa ta cinye shi. Da damina ruwa na sama, famfo na aiki lafiya. Da rani, idan injinan ban-ruwa suka fara zuƙa a fadama, ruwan ƙasa sai ya ja baya, silinda ta riƙa shaƙar iska da rairayi, robar ta cinye.

Bai mayar da komai ba sai da mai gari da dattawa suka dawo daga kasuwa da la'asar suka gani da idonsu.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "ga tara, ga allo ya ce sha biyu. Yara ba su haɗiye ukku ba."

Ba kowa ya ji daɗi ba. Kafin mako ya zagayo an fara cewa baƙi sun saye Mai-Famfo da buhun albasa. Har Bodinga maganar ta iso, Halima ta jiyo ta a gidan suna ta dawo tana huci. Shi bai kula ba. Malama Jamila ta rubuta takarda, mai gari ya sa hannu, Bilyaminu ya kai sashen ruwa a sakatariya da kansa, domin bai yarda ya ba kowa saƙo ba. Ya tafi da guntun rodin mai tsatsa ya ajiye a kan teburin jami'in. Ya koma sau huɗu. A na biyar aka ba shi bututu uku da rodi marar tsatsa. Ya ɗaura, aka cire sarƙa, famfon bai sake tsayawa ba har ƙarshen rani.

Da a nan ya tsaya, da ba a sake jin sunansa ba. Amma ranar da ya gama aikin, yarinyar nan mai hawa jarka tana cikin layi. Ya kira ta. Ta noƙe, sai da Tukur ya ce mata ta je. Ashe 'yarsa ce, sunanta Bahijja. Bilyaminu ya zaci kwaikwayon baki kawai take yi a taga, don haka ya nuna mata allon ɗan kwangila ya ce ta faɗi abin da ta gani. Ta kira baƙaƙen layin farko ɗaya-ɗaya, biyu kawai ta rasa. Ya ce ai ƙila haddacewa ta yi. Ya zana wasu a ƙasa da sifana, a hargitse. Ta kira su.

"A garinku kin shiga makaranta?"

"Na shiga aji ɗaya. Munka taho. Da munka koma anka ce in sake."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Ya ce da ni daga baya, a wannan lokaci ji ya yi kamar an kira sunansa a tsakiyar kasuwa. Ya tafi ofishin Malama Jamila hannunsa duk giris.

Malama Jamila mace ce mai faɗar magana kai tsaye. Ta ce babu dokar da ta hana. Benci akwai, domin da rani rabin yaran gari ma suna fadama. Amma sai an rubuta sunaye a rajista, kuma sai ofishin ilimi ya sani. Ta yi waya. Bayan kwana goma wani saurayin jami'i mai suna Lukman ya zo a babur da fom cikin jaka.

Da mutanen bukkoki suka hango takarda da biro, mata suka kwashe yara suka shige. Tukur ya fito shi kaɗai.

"Bara waccan, wani gari, anka rubuta sunayenmu anka ce gidan sauro za a ba mu. Bayan sati biyu 'yan sa-kai sunka zo da takardar ga hannu, suna kiran suna ɗaya-ɗaya, sunka ce mu bar musu ƙasa kahin azahar. Albasarmu na ƙasa munka baro. Ba mu rubuta komi."

Lukman ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Tukur bai ɗaga kai ba. Da Lukman ya juya neman taimako wajen Bilyaminu, sai ya ga shi ma kallon tuhuma yake yi masa.

"Takardar ga ina taka zuwa in an cike ta?"

"Ofis, Baba."

"Wane ɗaki? Wa ad da mabuɗi? Wa ka iya cewa a ba shi shi gani?"

Lukman ya yi dariya, amma da ya ga ba wasa ba ne sai ya ce ya zo ya gani. Bilyaminu kuwa ya je. Ya bi shi har Shagari, ya ga kabad ɗin, ya girgiza ƙofarsa, ya tambayi masinja ko 'yan siyasa kan shigo su yi bincike. Sannan ya karɓi fom ɗaya da ba a cike ba ya taho da shi Bodinga. Karatun bokonsa bai kai ya fahimci Turancin ba. Ya ba 'yarsa Firdausi, wadda ke kwalejin horon malamai, ta fassara masa layi-layi. Bai gaya mata ba ya kai wa wani tela a kasuwa da ya yi sakandare, shi ma ya fassara. Sai da ya ga maganarsu ta zo ɗaya ya natsu. Firdausi ta yi fushi da ta ji, ta yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Layi biyu ne suka tsaya masa a rai: garin asali, da sana'ar uba. Ya koma wajen Lukman ya ce waɗannan ne za su hana. Lukman ya kai maganar gaba, aka yarda a bar su babu komai, a rubuta sunan yaro da shekarunsa da ajinsa kawai. Malama Jamila ce ta kawo shawarar kati. Kowane yaro a ba shi ɗan kati mai hatimin makaranta, a rubuta inda ya tsaya a karatu, ya tafi da shi garinsu da damina don kada a mayar da shi baya.

Tukur ya ji duka, ya tafi ya yi shawara da mutanensa, ya dawo da sharaɗi.

"Ka sa sunanka saman takardar. In ta hita ta koma hannun da ba na makaranta ba, kai muka sani."

Mai gari ma da nasa. "Kai ka kawo su cikin ɗiyanmu. In wani abu ya ɓace ga garin ga, ko wani labari ya hita, kai za mu kira."

Halima ta ce masa ya haukace, garin da ba nasa ba, mutanen da bai san asalinsu ba. Ya ce shi ma bai yarda da su duka ba. Ya dangwala yatsa a wuri biyu.

Yara arba'in da ɗaya suka shiga. Makon farko an zaunar da su a benci na baya, 'yan gari ba sa shan ruwa a moɗa ɗaya da su. Bahijja aka gwada ta aka sa ta aji biyu, cikin ɗakin da take leƙe.

A mako na uku injin ban-ruwa ya ɓace a fadama, na wani babban manomi a garin. Kafin azahar magana ta gama gari: yaran nan da ke ratsa gonaki safe da rana su ne idon ɓarayi. Iyaye suka zo suka janye 'ya'yansu daga aji. Da mutanen bukkoki suka ga samari na taruwa da sanduna a bakin hanya, su ma suka janye nasu, wasu suka fara ɗaure kaya. Malama Jamila ta zauna a makaranta da malamai biyu da benci.

Aka kira Bilyaminu. Ya zo ya durƙusa a zauren mai gari, mutane cike har waje.

"Ga abin da munka hwaɗi," in ji mai injin.

"Wa ya gani?"

"Sai an gani? Shekara nawa muna noma nan ba a ɗauki ko tiyo ba?"

"Bara an ɗauki biyu a Kajiji, babu baƙo ko ɗaya can. Ranka shi daɗe, a ba ni kwana bakwai. Kada a taɓa kowa."

Mai gari ya ba shi biyar. Daga zauren bai wuce gida ba, bukkoki ya nufa. Ya ce wa Tukur zai duba kowace bukka. Fuskar Tukur ta canza.

"Ashe kai ma."

"Ni ma. Ban ce ba ku ba ne, ban ce ku na ba. In ban duba ba, da wane baki za ni magana?"

Suka bar shi ya duba, mata na tsaye a waje sun juya masa baya. Ya ɗaga tabarmi, ya soka sanda cikin tarin kara. Babu komai. Mariya, matar Tukur, ta ce da shi da zai fita, "Allah shi isam muna." Daga baya ya ce mini bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma ko yau aka sake zai duba.

Bilyaminu ya san injin, domin shi ya taɓa ɗaure masa hannun tayarwa da waya bayan ya tsage. Ya bi masu gyaran inji na Shagari rumfa-rumfa, bai samu ba. Ya bi na Bodinga ranar kasuwa. A rumfa ta huɗu ya hango wayarsa, an shafe jikin injin da sabon fenti. Bakaniken ya tsorata, ya kwatanta wanda ya kawo, har da irin baburinsa.

Bilyaminu bai faɗa a zaure ba. Ya nemi ganin mai gari su biyu. Abin da suka tattauna bai taɓa gaya mini ba, na tambaya har na gaji. Ranar Juma'a bayan an sauko, mai gari ya tashi ya ce an ga inji, an mayar wa mai shi, kuma wanda ya ɗauka ba daga bukkoki yake ba. Bai kira suna ba. Mai injin bai sake zama majalisar bakin masallaci ba har aka yi ruwan farko. Akwai waɗanda har yau suke cewa rufa-rufa aka yi don a wanke baƙi.

'Yan gari sun mayar da 'ya'yansu ranar Litinin. Na bukkoki ba su dawo ba. Sai da Malama Jamila ta je da kanta sau uku, ta zauna da mata a kan tabarma, sannan ashirin da uku suka dawo. Iyali shida sun riga sun tashi. Tukur bai yi wa Bilyaminu magana ba wajen wata guda, ko da yake Bahijja na cikin waɗanda suka dawo. Ranar da za su tafi gida, bayan an kwashe albasa, ya tsayar da shi a hanya ya karɓi lambar wayarsa, ya ce, "Ba don na huce ba."

Da rani ya zagayo yara goma sha bakwai suka dawo Tungar Ƙirya, tara da hatimin makarantun garuruwansu a bayan katin. Sauran, wasu katin ya jiƙe, wasu an ƙi karɓa. Su Tukur ba su zo ba, aiki ya kai su wajen Goronyo. Wata rana da hantsi ya bugo waya ya ce an karɓi katin a can, an sa Bahijja aji uku. Bilyaminu ya ce a ba shi malamin ajin. Aka kai wa malamin waya, ya tambaye shi sunansa da sunan makarantar da shafin da suke a littafin Hausa, sannan ya ce a ba shi yarinyar ta karanta masa layi biyu. Ina zaune a wurin. Da ya kashe wayar ya daɗe yana goge sifana ɗaya da tsumma.

Yanzu makarantu huɗu a ƙasar Shagari suna ba da katin. Lukman ya so a sa Bilyaminu shugaban kwamitin iyaye, ya ƙi, ya ce shi ba ɗan garin ba ne kuma ba ya son kujerar da ake ɗaukar hoto a kanta. Amma bai rabu da makarantar ba. Bana matan bukkoki sun ce manyan 'yan mata ba za su ci gaba da zuwa ba saboda ban-ɗakin makarantar babu ƙofa. An yi alkawarin kafinta. Makon jiya na gan shi da safe yana ɗaure ƙyauren kwano biyu a bayan babur, a kan akwatin sifanu. Na ce ai na ji an ce kafinta zai je ranar Laraba.

"Haka anka ce," in ji shi. Ya ja igiyar ya ƙara ƙulli, ya ce in riƙe masa ƙyauren ya tayar da babur.